Shiga manhaja da Google ko Facebook da ɗora abu a sitatus: inda aikin yake karyewa

Wanda ya ba da kwangilar haɗa manhaja yakan faɗi buƙatun nan biyu a numfashi ɗaya: a sa masa maɓallin shiga da Facebook, kuma duk wanda ya sayi kaya ko ya ci gasa ya iya ɗorawa a shafinsa. A kunnensa abu ɗaya ne. Da can ma kusan haka yake, domin akwai wani izini da ake kira publish_actions, wanda idan mutum ya amince da shi lokacin shiga, manhaja za ta iya wallafa rubutu a shafinsa da sunansa. Bayan badaƙalar Cambridge Analytica, kamfanin da ya kwashi bayanan masu amfani da Facebook ba da izininsu ba, ta fito fili a watan Maris na 2018, Facebook ya rufe wannan ƙofa, ya cire izinin daga ranar 1 ga Agusta na shekarar. Tun daga nan shiga daban, rabawa daban. Duk darasin da ka tarar a intanet yana koya maka karɓar izinin wallafawa a lokacin shiga, ya tsufa, kada ka ɓata darenka a kansa.

Mu fara da shigar, don a nan ne kuskure yake da tsada.

Idan mutum ya danna maɓallin Google ko Apple ya amince, abin da ke dawowa wayarsa tikiti ne iri biyu, kuma rashin bambance su shi ne tushen yawancin ɓarna. Na farko tikitin izini ne, wanda takardun kamfanonin ke kira access token. Da shi ake zuwa wurin kamfanin a nemi wani bayani a madadin mutumin, kuma ƙa'idar OAuth 2.0 ta shekarar 2012 ce ta tsara shi. Na biyu tikitin shaida ne, wato ID token, wanda ƙa'idar OpenID Connect ta 2014 ta zo da shi. Shi ne ke cewa wane ne wannan mutum, wa ya ba da shaidar, wace manhaja aka ba wa, kuma yaushe zai daina aiki. Na Google awa ɗaya yake yi.

Wayar ba abin yarda ba ce. Kowa na iya kwance manhajarka ya ga adireshin sabarka, wato kwamfutar da ke riƙe asusun mutane a intanet, ya aika mata duk abin da ya ga dama. Saboda haka manhajar da take karɓar suna da imel daga Google, sannan ta aika wa sabar cewa ga wane ya shigo, ta bar ƙofa a buɗe ke nan: wanda ya san imel ɗin wani zai shiga asusunsa ba tare da ya taɓa Google ba. Abin da ya kamata wayar ta aika shi ne tikitin shaidar kansa, sabar kuma ta duba abubuwa huɗu kafin ta buɗe. Ta tabbatar sa hannun da ke jikinsa ya dace da makullan da kamfanin ya wallafa. Ta duba gurbin iss, ta ga cewa accounts.google.com ne ko appleid.apple.com. Ta duba gurbin exp don kada ya zama wa'adinsa ya wuce. Sai gurbin aud, wanda aka fi mantawa da shi, alhali shi ne ke nuna cewa manhajarka aka yi wa tikitin. Idan ba ka duba aud ba, mai wata manhaja ta daban zai iya ɗaukar tikitin da mutane suka ba shi bisa amana, ya kawo wa sabarka, ta karɓa, tunda sa hannun Google na gaskiya ne. Ga Facebook, hanyar da aka saba ita ce sabar ta kai tikitin izinin wurin debug_token, adireshin Facebook na tantance tikiti, ta tabbatar lambar manhajar da ke ciki taka ce. Bayan tantancewa, sabar ta ba wayar nata tikitin zama, ita ke iko da wa'adinsa, ita ke iya soke shi.

Kada ka yi wannan duba da hannunka daga tushe. Kowane yaren sabar da aka sani yana da ɗakin karatu, wato library na shiryayyun kayan aiki, da ke yin sa, kuma suna kula da canjin makullai, domin Google yana sauya nasa lokaci zuwa lokaci.

Da me za ka gane mutum idan ya dawo? Da gurbin sub, wato lambar da kamfanin ya ba mutumin a cikin tikitin shaida, ba da imel ba. Imel yana canzawa, sub ba ya canzawa. Lambar da Facebook ke ba ka kuma, tun 2014, ta manhajarka ce kaɗai: mutum ɗaya, manhaja biyu, lamba biyu. Wanda ya goge rajistar manhajarsa a Facebook ya buɗe sabuwa zai ga duk tsofaffin masu amfani sun dawo masa a matsayin baƙi. Tun ran gini tun ran zane: ka ware tebur ɗaya na mutane, wani tebur na hanyoyin shiga, kowane layi da sunan kamfani da lambar sub da lambar mutumin da yake nuni gare shi. Mutum ɗaya ya iya mallakar layi uku. Wanda ya cusa lambar Facebook a teburin mutane kai tsaye zai sha wahala ranar da aka ce a ƙara Apple.

Maganar imel tana da wani gefe da ya shafe mu sosai. Jama'a da yawa a Kano da Maraɗi da Kumasi da lambar waya suka buɗe Facebook, ba su taɓa sa imel ba. Ka nemi izinin imel, mutum ya amince, gurbin ya dawo fanko. Idan rumbun bayananka ya wajabta imel, rajistar za ta faɗi, kuma ba za ka gani a gwaji ba, tunda kai da abokan aikinka duk kuna da imel. Ka bar gurbin ya iya zama babu komai, ka nemi imel ko lambar waya daga baya idan da buƙata. Sannan ka yi hattara da haɗe asusu biyu don kawai imel ɗinsu ya zo ɗaya. Idan manhajarka tana barin a yi rajista da imel ba tare da tabbatarwa ba, wani zai riga mai imel ɗin buɗe asusu da sunansa, ya sa kalmar sirrin da ya sani. Ranar da mai shi ya shigo da Google aka haɗe su, ɓarawon yana ciki da makullinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin haɗewa, a sa mutum ya shiga ta tsohuwar hanyar tukuna.

Zanen yatsa guda uku

Ga matsalar da ta fi cinye wa sababbin masu haɗa manhajar Android lokaci. Komai yana aiki a kwamfuta da wayar gwaji, aka ɗora a Play Store, aka sauke, aka danna maɓallin Google, sai allon ya ɗan yi duhu ya dawo, babu abin da ya faru. A tsohon tsarin shiga na Google, idan ka leƙa bayanan kuskure za ka ga lamba 10, DEVELOPER_ERROR. Dalili shi ne Google yana gane manhajarka da abu biyu, sunan kunshinta da zanen yatsan SHA-1, wato gajeriyar lambar da ke bambanta makulli, na makullin da aka sa mata hannu da shi. Makullan kuma uku ne: na gwaji da Android Studio ya ƙirƙira a kwamfutarka, na lodi da kake sa wa fayil hannu kafin ka aika, da wanda Google Play da kansa yake sake sa hannu da shi kafin ya raba wa jama'a. Na ukun ne ke kan wayoyin mutane, kuma shi ne ba a yi wa rajista. Na gwaji za ka same shi da umarnin gradlew signingReport. Na Play yana cikin Play Console, a shafin sa hannun manhaja. Ka yi wa dukansu rajista, kuma idan ku uku ne ke aikin, kowace kwamfuta da nata makullin gwajin.

Kuskure na biyu mai haifar da alama iri ɗaya: a Credential Manager, wanda shi ne hanyar da Google ke so a bi yanzu, lambar rajistar manhaja (client ID) da ake sakawa a setServerClientId ta nau'in yanar gizo ce, ba ta Android ba. Ta Android dole ta kasance a rajista, amma ba ita ake rubutawa a cikin manhaja ba. Lambar yanar gizon nan ita ce kuma za ta fito a gurbin aud da sabar ke dubawa.

Facebook ma zanen yatsan nan yake so, sai dai a wata siga: SHA-1 ɗin da aka mayar base64, harafi 28 da ke ƙarewa da alamar daidai. Idan bai dace ba, shi yana da kirki, yakan nuna maka wanda ya gani a allon kuskure. Abin da ya fi rikitarwa shi ne yanayin manhajar a shafin masu haɓakawa. Muddin tana yanayin gwaji, masu muƙami a kanta ne kawai ke iya shiga, wato za ta yi maka aiki ta ƙi yi wa kowa. Kafin a mayar da ita ta jama'a sai ka ba da adireshin manufar sirri da hanyar goge bayanai. Ka tsaya a public_profile da email. Abin da ya wuce su, kamar ranar haihuwa ko jerin abokai, sai an duba manhajarka an amince, kuma da wuya manhajar sayar da kaya ko ta karatu ta buƙace su. A iPhone kuma, tun fitowar kayan aikin Facebook na 17 a 2024, wanda bai yarda a bibiye shi ba ana shigar da shi ta Limited Login, inda tikitin shaida ake samu, tikitin izinin ba ya aiki a Graph API, hanyar neman bayanai daga Facebook. Sabar da debug_token kaɗai ta sani za ta ƙi waɗannan mutane, don haka sai an koya mata duba iri biyun.

Wasu don gudun nauyin kayan aikin kamfanoni sukan buɗe shafin shiga a cikin WebView, wato tagar yanar gizo da ke cikin manhajar kanta. Kada ka yi. Google ya toshe wannan tun 2017, yana mayar da kuskuren disallowed_useragent, Facebook ya bi sahu a Android a 2021. Hujjarsu mai ƙarfi ce: a cikin WebView mai manhaja na iya karanta kalmar sirrin da ake bugawa. Hanyar da aka yarda da ita burauzar wayar ce, Custom Tabs a Android, ASWebAuthenticationSession a iPhone, tare da PKCE. Yadda PKCE ke aiki: manhaja ta ƙirƙiri wata kalma ta sirri da ba a iya hasashenta, mai harafi 43 zuwa 128, ta aika zanenta na SHA-256 a farkon tafiya, ta riƙe asalin har lokacin da za ta musanya lambar da kamfanin ya dawo mata da ita da tikiti. Wata manhaja ko ta sace lambar a hanya, ba ta da kalmar. Wannan hanya ce kuma ke ceton masu sababbin wayoyin Huawei da ba su da hidimomin Google tun 2019. Kada a taɓa saka sirrin manhaja, wato client secret, a cikin fayil ɗin da za a raba; duk abin da ya shiga waya ya zama na kowa.

A nan akwai abin da sai wanda ya gwada a ƙaramar waya yake gani. Waya irin itel ko Tecno mai ƙwaƙwalwar giga 1 ko 2, da zarar burauza ta buɗe, Android na iya kashe manhajarka a baya don ya samar mata wuri. Mutum ya gama buga kalmar sirri, ya dawo, manhaja ta tashi sabuwa fil, ta manta kalmar PKCE da lambar state, wadda ke nuna ita ce ta fara tafiyar, da ta riƙe a ƙwaƙwalwa. Sai ta mayar da shi allon farko ba tare da bayani ba. Zai sake gwadawa sau biyu, ya goge manhajar. Maganin shi ne a rubuta waɗannan abubuwa a ma'ajiyar wayar kafin a buɗe burauza, a goge su bayan an gama. Don gwaji, kunna Don't keep activities a saitin masu haɓakawa, ka kuma gwada kashe manhajar tana baya da umarnin adb, kayan aikin sarrafa wayar Android daga kwamfuta. A ganina manhajar da ba ta ci wannan gwaji ba ba ta isa a fitar da ita kasuwarmu ba, kome kyan allonta.

Haka kuma waya ɗaya takan zama ta gida duka, miji da mata da yara. Maɓallin fita ya fitar da gaske: a soke tikitin zama a sabar, a kira clearCredentialState, don mai shigowa na gaba ya ga jerin asusu ya zaɓi nasa.

Apple yana da sharuɗɗansa. Ya fito da nasa tsarin shiga a 2019 tare da iOS 13, kuma doka ta 4.8 a ƙa'idojin App Store ta ce manhajar da ke shigar da mutane da Google ko Facebook sai ta ba da wata hanya da ke taƙaita bayanai ga suna da imel, ta kuma bar mutum ya ɓoye imel ɗinsa. A aikace, tsarin Apple ne mafi sauƙin cika sharaɗin. Tarkonsa uku ne. Sunan mutum sau ɗaya tak yake zuwa, a shigar farko, kuma ba ya cikin tikitin shaida. Idan intanet ta yanke kafin ka kai shi sabar, ya tafi, sai mutumin ya cire manhajar daga saitin asusunsa ya sake amincewa. Don haka ka adana shi a waya nan take. Na biyu, wanda ya ɓoye imel zai zo da adireshi mai ƙarewa da privaterelay.appleid.com, kuma saƙonka ba zai isa gare shi ba sai ka yi wa yankin (domain) da kake aikawa daga gare shi rajista wurin Apple. Na uku, sirrin da sabar ke magana da Apple da shi ba ya wuce wata 6. Ka sa sabar ta riƙa ƙirƙirar sabo da kanta, in ba haka ba wata safiya aiki zai tsaya ba wanda ya taɓa komai. Tun 30 ga Yuni 2022 kuma, a App Store, duk manhajar da ake buɗe asusu a cikinta sai ta ba da damar goge shi daga ciki, Google Play ma ya kafa irin wannan sharaɗi, kuma a Najeriya dokar kare bayanai ta 2023 ta ba mutum haƙƙin neman a goge bayanansa.

Rabawa

Wannan ɓangaren ya fi sauƙi idan aka daina ƙoƙarin yi wa mutum magana da bakinsa. Ba ya buƙatar shiga ko kaɗan. A Android, Intent (saƙon da manhaja ke miƙa wa wata manhaja) mai ACTION_SEND a cikin createChooser. A iPhone, UIActivityViewController. Allon rabawa na wayar zai fito da duk abin da mutum yake da shi, WhatsApp, Telegram, Facebook Lite, saƙon tes, ya zaɓa. Idan ya zaɓi WhatsApp, sitatus ɗinsa yana saman jerin sunaye. Na fi son wannan a kan jera maɓallai huɗu masu tambarin kamfanoni, domin ba ka san inda jama'arsa suke ba, kuma maɓallin da aka ɗaure da com.whatsapp ba ya ganin wayar ɗan kasuwar da WhatsApp Business kaɗai ke kanta, wadda sunan kunshinta com.whatsapp.w4b. Idan dole sai ka duba ko wata manhaja tana kan waya, tun Android 11 sai ka ambaci sunanta a sashen queries na manifest, fayil ɗin da ke bayyana manhajarka ga Android, in ba haka ba amsar kullum babu ce.

Facebook zai watsar da rubutun da ka cika, ya ɗauki mahaɗin kawai. Ba lalacewa ba ce, ƙa'idarsu ce ta hana a cika wa mutum abin da zai faɗa. Saƙon da kake son ya tafi, sa shi a jikin hoto ko a shafin da mahaɗin ke kaiwa.

Hoto ana miƙa shi ne ta FileProvider, da adireshi mai farawa da content, tare da FLAG_GRANT_READ_URI_PERMISSION. Adireshi mai farawa da file yana kashe manhaja tun Android 7.0. Kada a cusa hoton kansa a cikin Intent, domin hanyar ba ta ɗaukar abin da ya kai mega 1. A iPad, idan ba a nuna wa allon rabawa inda zai tsaya ta sourceView ba, manhaja faɗuwa take yi, kuma masu duba na Apple sukan gwada a iPad ko da don iPhone ka yi ta. Katin sitatus a yi shi a tsaye, 1080 a 1920, a bar sama da ƙasa babu rubutu don nan ne sunan mai sitatus da wurin amsa suke rufewa. Mai son aikawa kai tsaye zuwa labarun Instagram sai ya haɗa da lambar manhajarsa ta Facebook, wadda aka wajabta tun farkon 2023.

Haruffanmu masu lanƙwasa suna da nasu rigimar. Idan manhaja ce ke zana katin, ka tabbatar salon rubutun yana da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, manya da ƙanana. Da yawa daga salon ado ba su da su, sai ka ga akwati a tsakiyar suna ko harafi ɗaya ya fita daban da 'yan uwansa. Gwada da kalmomi irin Ɗanladi da ƙwarai da ɓangare. Idan kuma ta mahaɗin wa.me ko na X kake tura rubutu, sai an lulluɓe shi da Uri.encode ko makamancinsa: ƙ ta zama %C6%99, ɗ ta zama %C9%97, ɓ ta zama %C9%93. Alamar & da ba a lulluɓe ba tana yanke saƙo daga inda take. Lambar waya a wa.me ana rubuta ta da 234 ko 227 a gaba, ba alamar tarawa, ba sifirin farko. A X kuma kowane mahaɗi harafi 23 ake lissafa shi cikin 280, kome tsawonsa.

Kyan abin da aka raba ya dogara ne da shafin da ke bayan mahaɗin. Manhajojin nan suna aiko da na'urar leƙe ta karanta layukan take da bayani da hoto, wato og:title da og:description da og:image, kuma ba ta tafiyar da JavaScript, don haka shafin da sai burauza ta gina shi zai fito babu hoto babu take. Sabar ce za ta saka waɗannan layuka a cikin HTML tun daga farko, da cikakken adireshin hoto mai https, girman 1200 a 630. Ka matse hoton ya sauka ƙasa da kilobayit 300, saboda WhatsApp yakan tsallake mai nauyi, kuma wayar mai turawa ce ke sauke shi da datarsa. Facebook yana riƙe abin da ya fara gani. Idan ka gyara hoto bai canza ba, kai adireshin Sharing Debugger ka sa ya sake leƙawa.

Saura wanda ya danna mahaɗin. Idan yana da manhajar, ya kamata ta buɗe a kan kayan da aka raba, ba a allon farko ba. Wannan yana buƙatar fayil ɗin assetlinks.json don Android da apple-app-site-association don iPhone, dukansu a babban fayil na .well-known a yankinka, a kan https, ba tare da karkatarwa ba. Na Android zanen SHA-256 yake so, kuma na makullin Play, wato tarkon ɗazu ya sake dawowa ta wata ƙofa. Tun Android 12, mahaɗin da bai tantancu ba burauza yake wucewa shiru, ba ya tambayar kowa. Umarnin pm get-app-links ta adb zai nuna maka ko yankinka ya tantancu. Wanda ba shi da manhajar kuma ya tarar da shafi mara nauyi mai nuna kayan da farashinsa da maɓallin saukewa. Masu tsofaffin manhajoji da suka jingina wannan aiki ga Firebase Dynamic Links su duba mahaɗansu, domin Google ya rufe hidimar ranar 25 ga Agusta 2025, kuma duk mahaɗin page.link da aka taɓa rabawa a rukunonin WhatsApp ya daina buɗewa.